Kafin a ɗora bulo, a fara tambayar inda ruwa zai bi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni dama a wannan jarida tamu in yi magana a kan wani aiki da masu gini a garuruwanmu suka mayar abin wasa, wato daidaita fili da fitar masa da gangare kafin a haƙa harsashi. Na zaɓi in rubuto yanzu da rani, lokacin da tifofi ke ta kai da komo da yashi da jar ƙasa, saboda na lura ba a tuna wannan batu sai a watan Agusta, sa'ad da za a cika shafukan jaridu da hotunan katifu a shanye bisa katanga da na jami'an agaji suna rabon shinkafa da tabarmi, alhali a lokacin magana ta riga ta zama ihu bayan hari.

Ni malamin makaranta ne da ya yi ritaya, kuma abin da na sani game da wannan aiki da kuɗina na saye shi, da kuma kayan ɗakin iyalina. Na sayi fuloti na awon igiya a wata sabuwar unguwa ta ɓangaren Kumbotso a nan Kano, kuma a watan Maris dillali ya kai ni na gani, ƙasa a bushe ƙarau, ko'ina shimfiɗe kamar faifai. Na ga busasshiyar laka ta tsattsage a kusurwar gabas, ban kawo komai a raina ba. Sai bayan na biya wani dattijo da ya taɓa noma wurin ya gaya mini cewa shinkafa yake shukawa a daidai nan, domin duk ruwan da ya sauko daga gonakin arewa a nan yake kwana. Da na kai wa birkilana wannan labari, sai ya ce ai ba komai, ciko ne maganinsa. Aka kawo tifa bayan tifa, wasu jar ƙasa, wasu ɓaraguzan tsohon gini haɗe da leda da tsumma saboda sun fi araha, aka juye a cikin harsashi gaba ɗaya, leburori suka baje da shebur, suka yayyafa ruwa, washegari aka zuba kankare a kai. Damina biyu kacal muka yi lafiya. A ta uku tayil ɗin falo ya fara amo kamar ganga idan an taka shi, ƙofar ɗaki ta daina rufuwa, kuma wata tsaga mai kamar zare ta taso daga gindin taga har ta kai inda ɗan yatsa ke shiga. Araha dai ba ta ado.

Wanda ya zo gyara, wani tsohon magini da ya yi shekaru yana aikin hanya, bai zo da wata na'ura mai tsada ba. Siririn tiyo ne mai haske a hannunsa, da turaku, da zare, da alli. Ya cika tiyon da ruwa, ya ba yaronsa baki ɗaya ya tsaya a ƙofar zaure, shi kuma ya riƙa zagaya gidan da ɗaya bakin yana ɗora alli a bango daidai inda ruwan ya tsaya, tun da ruwa a cikin tiyo ɗaya dole bakinsa biyu su daidaita. Kafin la'asar ya nuna mini abin da idona ya kasa gani tsawon shekara uku, cewa tsakar gidana ta karkata ne zuwa ga ɗakuna maimakon rariya, kuma ita kanta rariyar ta fi tsakiyar gidan tudu da kusan inci huɗu. Ya dube ni ya ce, "Malam, ai kai da hannunka ka gina wa ruwa masauki, don me zai ƙi zama?"

Daga bakinsa na fara jin ƙa'idojin da ya kamata duk mai shirin gini ya haddace, kuma ba su da wuyar ganewa. Ana fara kankare ƙasar sama mai saiwoyi da taki a tara ta gefe, domin ba ta ɗaukar nauyin gini, tana ruɓewa ta lotsa. Ciko kuma ba a juye shi lokaci guda; ana zuba shi ne hawa-hawa, kowane hawa kamar inci shida, a jiƙa shi daidai gwargwado ba har ya zama taɓo ba, a daddanne shi da injin dannawa ko rola, sannan a ƙara wani. Jar ƙasa mai burji ita ce ta dace, ba kwashe-kwashen bola ba. Game da gangare kuwa, ƙa'idar gina gidajen zama da ake bi a Amurka ta ce ƙasar da ke jikin harsashi ta sauka da aƙalla inci 6 a cikin ƙafa 10 na farko, wato kashi 5 cikin 100, inda kuma aka yi daɓen siminti ko makamancinsa to kashi 2 cikin 100 ya wadatar. A lissafin da birkila zai gane, tsakar gida mai daɓe da tsawonta ya kai ƙafa 50 tana bukatar saukar ƙafa guda daga bakin ɗakuna zuwa rariya. Haka nan shingen hana danshi da ake sa wa bango, wanda magina ke kira DPC, ya kamata ya ɗara ƙasar waje da aƙalla inci shida, in ba haka ba sanyi ya riƙa hawa bango, fenti yana kumbura yana zuba kowace shekara, mai gida yana zagin mai fenti a banza.

Mutane da yawa ba su san yawan ruwan da ke sauka a kansu ba, shi ya sa suke raina wannan magana. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Fuloti mai ƙafa 100 da 50 ya kai murabba'in mita 465, saboda haka idan aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 50 a dare ɗaya, abin da ba baƙo ba ne a watan Agusta, lita sama da 23,000 ce ta sauka a wannan gida kaɗai, wato jarka irin ta 'yan garuwa fiye da 900. Idan rabin fili rufin kwano ne, sauran rabin kuma an shafe shi da siminti, to kusan babu abin da ƙasa za ta sha, dukkansa sai ya nemi ƙofa.

A nan ne maganar ta bar gidan mutum ɗaya ta shafi unguwa, kuma a nan ne nake da laifin da ya kamata in faɗa. Bayan maƙwabcina na arewa ya zo gini, ya ga abin da ya same ni, sai ya ɗaga nasa ciko da bulo uku sama da nawa, ya juyo indararonsa da rariyarsa wajen lungun da ke tsakaninmu. A wani dare ruwa ya shigo mini ta zaure har gwiwa, muka kwana muna kwarfa da bokiti, littattafan da na tara tun ina koyarwa suka zama kunu. Da rani ya yi, ni ma na ciyo bashi na ɗaga ƙofata da dakalina na toshe lungun, na yi barci da daɗi a daminar da ta biyo. Ban tambayi inda ruwan ya koma ba sai da wata baiwar Allah da ke bayana, mai riƙe da marayu a gidan ƙasa, ta aiko ɗanta ya ce in zo in ga katangarsu. Katangar ta faɗi warwas, ta danne akurkin kaji da randuna. Abin da muke yi ke nan a sababbin unguwanni da sunan ciko: kashin dankali, mai ƙarfi ya ɗaga, na kusa da shi ya ƙara ɗagawa, ruwa ya gangara kan wanda ba shi da kuɗin tifa. Mun sani sarai addininmu ya ce babu cuta babu cutarwa, kuma malamai sun daɗe suna kawo wannan hadisi a babin haƙƙin maƙwabtaka, amma da wuya ka ji an ambaci rariya da indararo a huɗubar Juma'a.

Gine-ginen kasuwanci sun fi gidajen zama ɓarna ta wannan fuska, don filinsu ya fi faɗi kuma masu su sun fi ƙarfin aljihu. Gidan mai, da filaza, da zauren biki, da makarantar kuɗi, kowanne yakan kawo gireda da katafila a yi masa ciko har ya fi titi tsawo, a shimfiɗe harabar da intalok daga katanga zuwa katanga, sannan a saki ruwan gaba ɗaya ta bakin get zuwa kan kwalta. Wasu ma sukan binne lambatun gwamnati domin motoci su samu hanyar shiga, ko su sa ɗan ƙaramin bututu inda kwalbati ya kamata. 'Yan kasuwar Kantin Kwari ba za su manta da watan Agustan 2022 ba, lokacin da ruwa ya shiga shaguna ya lalata atamfofi da yadudduka masu ɗimbin yawa, kuma abin da aka fi nuna wa yatsa a lokacin shi ne gine-ginen da aka dasa a kan hanyoyin ruwa. Hatta masu son kore a harabarsu, kamar otal-otal da filayen wasa na makarantu, suna yin kuskure iri ɗaya ta wata fuska, domin sukan dasa ciyawa kai tsaye a kan jar ƙasar da rola ta danne, ba tare da mayar da ƙasar saman da aka kankare ba, kuma ba tare da ɗan gangaren da zai hana ruwa kwanciya ba, sai a wayi gari wani wuri ya zama taɓo wani ya ƙone, a ce wai irin ciyawar ne ba shi da kyau.

Ba ina cewa gangaren tsakar gida zai tare kogi ba ne. Ambaliyar 2012 da ta kashe mutum 363 ta kuma raba fiye da miliyan biyu da muhallinsu, da ta 2022 da ta ci rai sama da 600, da ɓallewar madatsar Alau da ta mamaye Maiduguri a watan Satumban 2024, waɗannan wani babi ne daban da ya fi ƙarfin mai fuloti. Wadda nake magana a kai ita ce ƙaramar ambaliyar da ba ta shiga ƙididdigar hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, wato NEMA, wadda muke haɗa wa kanmu da shebur da tifa. Kakanninmu a cikin birnin Kano sun haƙi ƙasar gini sun bar kududdufai, waɗanda suka zama ma'ajiyar ruwan unguwa kafin ya lallaɓa ya faɗa rafin Jakara. Yau an cike da yawansu an yanka fulotai, ruwan kuwa bai samu labarin an sayar da gidansa ba.

Dokoki ba su muka rasa ba. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamnoni, dokar tsara birane ta 1992 ta wajabta neman izini kafin gini, an kuma fitar da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa a 2006. Abin da nake roƙon hukumar tsara birane ta Jihar Kano, wato KNUPDA, da takwarorinta na sauran jihohi shi ne su mayar da tsayin ƙasa wani ɓangare na izinin gini kamar yadda faɗi da tsawo suke. A kowace sabuwar unguwa a kafa turakun siminti masu nuna tsayin da titi da lambatu za su kasance idan an zo yin su, domin kowa ya auna cikonsa daga alama ɗaya, a daina gasa a makance. Wannan zai kuma magance wani abin takaici da muke gani, inda ake zuwa a yi sabon titi a ɗaga shi sama da gidajen da suka riga shi, mutum ya wayi gari yana sauka matakala kafin ya shiga zaurensa. Manyan gine-ginen kasuwanci kuwa, bai kamata a sa hannu a takardarsu ba sai sun nuna, da sa hannun injiniya mai rajista da hukumar kula da aikin injiniya ta ƙasa, wato COREN, inda ruwan harabarsu zai tafi da yawan wanda za su riƙe a cikin filinsu, ko ta rijiyar tsotse ruwa ko ta barin wani yanki ba daɓe. Unguwannin awon igiya, inda akasarin talakawa ke saye, su suka fi bukatar wannan, kuma masu unguwanni da dagatai da ke sa hannu a takardun ciniki za su iya hana a sayar da hanyar ruwa tun kafin dillali ya buga turke.

Ga 'yan'uwana masu shirin gini a wannan rani, shawarata ita ce kada a biya kuɗin fili sai an gan shi da damina, ko aƙalla an tambayi wanda ya noma shi. A ware kuɗin safiyo ko na magini mai tiyo tun a farkon lissafi, domin bai kai kuɗin ƙofar ƙarfe ɗaya da muke yi wa ado ba. Kuma a kira maƙwabta na kowane ɓangare su tsaya a wurin ranar da za a ja zare.

Mu a layinmu sai bara muka yi abin da ya kamata mu yi tun farko. Gida tara muka zauna a ƙofar masallaci bayan sallar la'asar, muka yi karo-karo, muka ɗauko tsohon maginin nan ya auna layin daga sama har ƙasa. Na fasa dakalin da na toshe lungu da shi, maƙwabcina na arewa ya juya rariyarsa, aka haƙa lambatu ɗaya da ya kai ruwan ga kwalbatin babban titi, aka kuma tayar wa matar nan katangarta da bulo. Gida biyu sun ƙi ba da ko sisi, kuma har yau ruwansu ta cikin wannan lambatun yake wucewa.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Wani malamin makaranta mai ritaya,
Kumbotso, Jihar Kano.