Kira ga masu son kiwon murjani a akwatin gilashi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida domin in ja hankalin masu sha'awar kafa akwatin gilashi na ruwan gishiri a gida, irin wanda ake kiwon murjani mai rai da kifayen teku a cikinsa. Yawancin masu farawa hankalinsu yana kan kifaye masu launi, alhali kuwa nasarar aikin tana rataye ne a kan ruwan da aka zuba.

Ruwan nan sai an haɗa shi da gishirin teku na musamman, kimanin giram 35 a kowace lita, a cikin ruwan da na'ura ta tace tas, domin ruwan famfo yakan zo da sinadaran da ke haddasa gansakuka, wani lokaci har da jan ƙarfe, wanda guba ne ga murjani. Idan zafi ya rage ruwan, ruwa ne kaɗai ya tashi, gishirin yana nan, saboda haka tataccen ruwa marar gishiri ake ƙarawa. Wannan ƙaramin batu ya kashe wa mutane da yawa kiwonsu.

Bayan an jera duwatsu da yashi, wajibi ne a bar akwatin babu kifi na tsawon mako 4 zuwa 6, har ƙwayoyin bakteriya masu amfani su yawaita, waɗanda ke sarrafa amoniya, wata guba da ke fitowa daga kashin kifi, ta zama abin da bai kai ta illa ba. Wanda ya ƙagu ya zuba kifi a makon farko, to gawa zai kwashe. A ganina kuma babban akwati ya fi wa mai koyo sauƙi, tunda ruwa mai yawa ba ya saurin sauyawa.

Shi murjani dabba ce, kodayake kamannin tsiro gare shi, kuma a jikin yawancin wanda ake kiwo akwai ƙananan halittu masu samar masa abinci daga haske. Don haka fitila mai ƙarfi, da injin kaɗa ruwa, da na'urar riƙe ɗumi tsakanin digiri 24 da 26 na ma'aunin Selsiyas sun fi kayan ado cancantar kuɗi. In zafi ya wuce kima, sai murjanin ya kori halittun nan ya koma fari fat.

Sai batun inda ake samo murjanin da kifayen. Cinikin murjani mai tauri tsakanin ƙasashe yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, wadda ke sa ido kan cinikin dabbobi da tsirrai domin kada su ƙare, kuma an daɗe ana kuka da masu kama kifin ado da gubar sayanaid a Filifin da Indonesiya. Ya kamata mai saye ya nemi wanda aka haifa ko aka raina a wurin kiwo. Wanda kuma ya gaji da kiwon kada ya saki kifinsa a teku, domin ana kyautata zaton ta haka ne kifin nan mai ƙayoyin dafi da ake kira kifin zaki ya bayyana a gaɓar Florida ta Amurka a 1985, ya kuma bazu har tekun Karibiyan yana cinye ƙananan kifaye.

Na gode,
Wani mai karatu