Wasiƙa zuwa ga aminina kan maganin ƙwannafi da ƙwayoyin ƙarin sinadarai

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, ina neman afuwa kan shirun da na yi tun bayan wasiƙarka ta ƙarshe. Jiki ne ya taɓa ni, kuma abin da ya same ni ɗin shi ne ya sa na ɗauki alƙalami yau, domin ka ambata mini cewa an ɗora Hajiya a kan omeprazole saboda ƙwannafi, ga kuma ƙwayar kalsiyam da take sha don ƙarfin ƙashi. Tun ranar da na baro wurin likita maganar nan take ta yi mini yawo a rai.

Ka san na fi shekara 3 ina shan omeprazole kowace safiya, kuma ba zan ɓoye ba, ya yi mini rana, domin kafin shi ko barcin kirki ba na samu. To, a watannin baya sai kasala ta rufe ni, in na hau bene sai haki, da dare kuma ƙafata ta ɗaure har ta tashe ni daga barci. Na ɗauka ƙarancin jini ne kawai, sai na sayi ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe, ina haɗiyarta da daddare tare da farin maganin ruwan nan da nake kurɓa idan ƙirji ya fara zafi. Na yi wata 2 a haka ban ga canji ba. Da aka auna jinina, sai aka tarar ajiyar ƙarfen jikina ta yi ƙasa, maganiziyam ma haka. Likita bai yi gaggawar ɗora laifi a kan magani ba, sai da ya bincika ya tabbatar ba jini nake zubarwa ta ciki ba, domin ƙarancin ƙarfe a jikin babban mutum yana iya zama alamar gyambon ciki ko wani abin da ya fi shi.

Abin da na fahimta daga bayaninsa, wanda nake so ka riƙe da kyau, shi ne magungunan ƙwannafi ba hanya ɗaya suke bi wajen hana jiki amfana da waɗannan sinadarai ba. Farin maganin ruwan da ƙwayoyin da ake taunawa suna ɗauke da alminiyam ko maganiziyam ko kalsiyam, suna kashe tsamin ciki nan take, kuma idan suka haɗu da ƙarfe a ciki sai su hana hanji tsotsarsa. Wannan matsala tana da sauƙin gyara, domin aikinsu ba ya daɗewa, saboda haka tazarar aƙalla awa 2 tsakaninsu da ƙwayar ƙarfe tana rage ta sosai. Amma omeprazole da 'yan uwansa, irin su esomeprazole da pantoprazole da lansoprazole, su tushen tsamin suke toshewa a bangon ciki, kuma ƙwaya ɗaya tana aiki yini da kwana. Ko da mutum ya sha omeprazole da asuba ya sha ƙwayar ƙarfe da isha, ƙarfen zai tarar da cikin da tsaminsa ya ragu, alhali tsamin nan ne yake narkar da shi ya mayar da shi yadda hanji zai iya ɗauka. Ka ga ke nan ni ƙofa biyu na rufe wa ƙwayar da nake sha ba tare da na sani ba.

Batun Hajiya ya fi damuna ta fuskar kalsiyam. Don Allah ka ɗauki kwalin ka karanta abin da aka rubuta a jikinsa. Idan calcium carbonate ne, wanda shi ya fi yawa, to yana buƙatar tsamin ciki kafin ya narke, shi ya sa ake cewa a sha shi tare da abinci. Idan kuwa calcium citrate ne, shi ba ruwansa da tsami, kuma shi likitoci kan fi zaɓa wa mai shan omeprazole. Jiki kuma ba ya ɗaukar fiye da kimanin miligiram 500 da kyau a lokaci ɗaya, saboda haka gara a raba shi kashi biyu a yini, kuma kada a haɗa shi da ƙwayar ƙarfe, domin ɗaya yana tauye ɗaya. Ba ƙaramar magana ba ce ga mace mai shekarunta, tunda a 2010 Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa shan wannan rukuni na magani da yawa ko na tsawon lokaci yana iya ƙara haɗarin karayar ƙashin ƙugu da wuyan hannu da gadon baya.

A 2011 hukumar ta sake fitar da wani gargaɗin kan maganiziyam, cewa yana iya raguwa a jinin masu shan maganin, galibi bayan sun wuce shekara 1. Alamomin wannan raguwa su ne ɗaurewar jijiya irin wadda ta dame ni, da rawar jiki, da rikicewar bugun zuciya, idan abin ya yi tsanani har da farfaɗiya. A kusan kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda hukumar ta duba bayanansu, ƙwayar maganiziyam kaɗai ba ta gyara matsalar ba sai da aka dakatar da maganin ƙwannafin. Haɗarin ya fi yawa ga mai shan maganin hawan jini irin mai sa fitsari, ko maganin zuciya digoxin, kuma idan ban manta ba ka taɓa ce mini Hajiya tana shan na hawan jini. Duk da haka kada ka saya mata maganiziyam da kanka, domin yana sa gudawa, kuma ga wanda ƙodarsa ta yi rauni yana iya taruwa a jini ya zama illa. A auna tukuna, a haɗa da bitamin B12, wanda shi ma yake raguwa idan an daɗe ana shan maganin.

Ina roƙonka kada wasiƙar nan ta sa ka hana ta shan omeprazole kwatsam. Idan aka yanke shi farat ɗaya bayan an daɗe ana sha, tsamin kan dawo da ƙarfi fiye da dā na wasu makonni, kuma akwai mutanen da dole ne su ci gaba da shi saboda raunin da ke maƙoshinsu ko cikinsu. Ni a hankali likita yake rage mini, yana gwada ni a kan wani maganin ƙwannafi na daban mai suna famotidine, ƙwayar ƙarfen kuma yanzu da rana nake shanta da cikakken kofin ruwa, ba na kwanciya bayanta, domin ita kanta tana tayar da ƙwannafi. Alhamdu lillahi, ƙafar ta daina tashe ni da dare, hakin ma ya ragu.

Ranar da za ku koma asibiti ka tattara duk abin da take sha a jaka ɗaya, har da waɗanda aka kawo mata tsaraba, ka ajiye a gaban likita, ka kuma gaya masa lokacin da take shan kowanne. Ka rubuto mini abin da ya ce game da kalsiyam ɗin. Ka gaishe mini da Hajiya da jiki, Allah Ya ƙara mata sauƙi, ka gaida maiɗakinka da yara.

Wassalam,
Naka amini har kullum.