Amsa ga Baba Liman kan sanƙarau da ɗibar ruwan baya

Assalamu alaikum Baba Liman. Ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya da iyali da jama'ar masallaci. Ya zafi? Allah ya kawo mana damina lafiya.

A taron unguwa na ranar Asabar kun miƙe gaban kowa kunka jefo min tambaya tunda ni ne ma'aikacin lafiyar da ke wajen, kuma magariba ta kawo jiki ban samu na amsa yadda ya kamata ba. Kunka ce shekara da shekaru ana yi wa yara allurar sanƙarau, ku da kanku kuna cikin masu shela a lasifika, to mi ya sa har yanzu in bazara ta kama sai a ji ta ɓulla? Sannan mi ya sa in an kai yaro asibiti sai a ce sai an ɗebi ruwan bayansa, alhali mutane na cewa wagga ɗibar ruwa ita ke gurgunta yara ko ma ta kashe su? Tunda a bainar jama'a kunka tambaya gara amsar ma ta fito fili, don na san ba ku kaɗai ke da wanga tunani ba, ku ne dai kunka faɗa da baki.

Baba tambayoyin nan biyu amsarsu a haɗe take. Abin da muke kira sanƙarau kumburi ne na tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da lakar baya, kuma ba ƙwayar cuta guda ke kawo shi ba. Wadda ta fi tayar da annoba a ƙasarmu ita kanta iri-iri ce, likitoci sun sa musu haruffa, akwai A, akwai C, akwai W da X da Y. A da can irin A ne ya addabe mu. Ku kun fi ni tuna 1996, shekarar da sama da mutum dubu 100 sunka kamu a Najeriya, sama da dubu 11 sunka rasu, galibi nan Arewa. Wanga iri na A shi anka yi wa allurar da ake kira MenAfriVac, an fara ta a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, ta shigo Najeriya a 2011 ana yi wa 'yan shekara 1 zuwa 29, daga baya a 2019 anka sa ta cikin alluran yau da kullum da ake yi wa jariri in ya kai wata 9. Kuma wallahi ta yi aiki, irin A kusan ya ɓace a duk yankin. Don haka shelar da kunka yi ba ta tafi a banza ba, akwai samari da 'yan mata da ke yawo cikin garin nan yau da Allah ya tsare ta dalilinta.

Amma allurar A, A kaɗai ta sani. Kamar maigadi ne da anka nuna wa fuskar ɓarawo guda, in ɗan'uwan ɓarawon ya zo sai ya wuce ta gabansa bai gane shi ba. A 2013 wani sabon nau'i na irin C ya ɓulla, kuma a jiharmu ta Sakkwato anka fara ganinsa, shekara ta zagayo ya bayyana a Kebbi, a 2015 ya yi ɓarna sosai a Nijar har cikin Yamai, sannan ƙarshen 2016 ya taso daga Zurmi ta Zamfara ya bazu zuwa Sakkwato da Katsina da sauran wurare, kafin damina ta 2017 ta kwantar da shi an lissafa sama da mutum dubu 14 da ake zaton sun kamu, sama da 1,100 sun riga mu gidan gaskiya. Da yawa cikin yaran nan an yi musu allurar A, iyayensu na da gaskiya in sun ce an yi musu, sai dai abin da ya zo ba shi ne anka yi wa riga-kafi ba. Yanzu alhamdu lillahi akwai sabuwa mai suna Men5CV da ta haɗa iri biyar ɗin nan a allura guda, kuma Najeriya ce ƙasar farko a duniya da ta fara amfani da ita a 2024. In ta zo unguwarmu kada wani ya ce ai an taɓa yi wa ɗana, ba irinta ba ce.

To ta yaya anka gane cewa C ne ba A ba? Ta ruwan bayan nan dai da mutane ke gudu. Babu likitan da zai kalli yaro da ido ya ce wanga A ne wanga C ne, alamominsu duk ɗaya. Kai har tsakanin sanƙarau da maleriyar da ta hau ƙwaƙwalwa ma ido na iya ruɗuwa, duka biyu suna zuwa da zazzaɓi mai zafi da jijjiga da fita hayyaci, kuma abin da ke ƙara rikita lamarin shi ne a ƙasarmu yaro na iya samun ƙwayar maleriya a jininsa gwajin ɗan yatsa ya nuna akwai, alhali abin da ke neman ransa sanƙarau ne. Sai a yi ta ba shi maganin maleriya kwana biyu, ita kuwa wagga cuta tana iya kashe mutum cikin awa 24. Wajen nan ne ya fi ci min rai a aikina.

Bari in faɗa muku yadda ake yi, don abin da mutum bai gani ba ya fi ba shi tsoro. Ana kwantar da yaro ta gefe, a naɗe shi gwiwa ta taɓo ƙirji, nas ta riƙe shi, a wanke ƙasan bayan da maganin kashe ƙwayoyi, sai likita ya lalubo tsakanin ƙashi biyu can ƙasa daidai ƙugu ya sa siririyar allura. Ita lakar da mutane ke tsoron a taɓa ba ta kai nan ba, a sama take ƙarewa, shi ya sa ma anka zaɓi wajen. Ruwan ba zuƙo shi ake da ƙarfi ba, da kansa yake ɗigowa ɗis ɗis cikin 'yar kwalba, abin da ake ɗiba bai fi ƙaramin cokali ba ko kusa da haka, kuma jikin babba na yin kusan rabin lita na wanga ruwa kullum, kafin wani lokaci kaɗan ya mayar da abin da anka ɗiba. In lafiya lau ne ruwan fari tas yake kamar na pampo. In sanƙarau ne na ƙwayar bakteriya sau da yawa za ka gan shi ya yi gauraye kamar ruwan da anka wanke shinkafa, tun kafin a kai leb, wato ɗakin gwaji, likita ya san inda anka dosa. Kuma a wanga waje dai ake yi wa mata allurar kashe rabin jiki in za a yi musu tiyatar haihuwa, ga su nan cikin unguwa suna tafiya da ƙafafunsu. Ba zan ce babu komai ba, wasu kan yi ciwon kai ko ciwon baya na 'yan kwanaki, kuma akwai yaron da in ya yi nisa sosai likita da kansa zai ce a dakata da ɗiba a fara magani tukuna, wannan hukuncinsa ne kuma daidai ne.

Maganar cewa tana gurguntawa kuwa, na fahimci inda ta samo asali kuma ban raina masu faɗinta ba. Uwa ta kawo ɗanta kwana uku da fara ciwo, an ɗebi ruwa, ya tashi ba ya ji ko ƙafa ta ƙi, mi za ta ce? Abin da ta gani da idonta shi ne allura. Abin da ba ta gani ba shi ne ɓarnar da cutar ta riga ta yi a ciki cikin kwanakin da anka yi a gida. Hukumar Lafiya ta Duniya na cewa cikin mutum 6 da sunka kamu da sanƙarau na bakteriya kusan 1 na rasuwa, kuma 1 cikin 5 na tashi da wata naƙasa, kurumta ko farfaɗiya ko raunin gaɓa ko wahalar karatu. Cutar ke yin wannan. Sannan ban manta da abin da ya faru a Kano a 1996 ba, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan kan yara kusan 200 ana tsakiyar annoba, maganar ta kai kotu har anka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Duk wanda ya ce wannan bai ɓata yarda tsakanin jama'a da asibiti ba bai faɗi gaskiya ba. Hakkin uba ne ya tambaya mi za a yi wa ɗana kuma don mi, mu kuma wajibinmu ne mu tsaya mu yi bayani da Hausa ba tare da tsawa ba, in wani cikinmu ya yi wa mutum tsawa a neme babbansa a faɗa masa. Amma a bari a yi gwajin.

Kuma amfaninsa bai tsaya kan yaro guda ba. Ruwan nan ana tura shi leb, wani har babban ɗakin gwaji na hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, da ke Gaduwa a Abuja, sakamakon ne ke nuna wane iri ne ke yawo a Gada ko Illela ko Tangaza, kuma da shi ake neman allurar da ta dace daga ajiyar alluran riga-kafi ta duniya. In kowa ya hana a ɗebi na ɗansa, sai a daɗe ana lalube cutar na ci.

Dalilin da ya sa take son bazara kuwa, muna cikin wani yanki ne da ya miƙe daga Senegal har Habasha, ƙasashe 26, inda daga Disamba zuwa Yuni iska ke bushewa ƙura ta tashi. Ƙwayar tana zaune a maƙogwaron mutane masu lafiya, kusan mutum 1 cikin 10 na ɗauke da ita bai sani ba, ta tari da atishawa da kusantar numfashi take wucewa daga wani zuwa wani. In hunturu da ƙura sun busar da hanci da maƙogwaro sun farfasa su sai ta samu hanyar shiga jini. Ƙara da hayaƙin itace ko gawayi a ɗaki rufe, da taba, sannan babban abin wato cunkoso. A nan Baba zan yi magana ku yi min haƙuri, zauren da almajirai ke kwana bayan masallaci na leƙa shi, yara jere kai da ƙafa, taga guda ce kuma an toshe ta da kwali tun lokacin sanyi ba a cire ba. Haka makarantun kwana, haka 'yan'uwanmu da sunka gudo daga Isa da Sabon Birni sunka cunkushe a kangaye. Ba laifin kowa nake nema ba, talauci ne da rashin tsaro, amma cire kwali a taga da raba yaran wasu su kwana a fili yanzu da ake zafi ba ya cin ko kwabo. Masu sikila su ma a riƙa sa musu ido fiye da kowa, zazzaɓinsu ba na jira ba ne.

Abin da nake roƙo ku faɗa wa jama'a bayan salla shi ne alamomin. Zazzaɓi da ya zo farat ɗaya da ciwon kai mai tsanani, amai, wuya ya ƙi lanƙwasuwa har yaro bai iya kai haɓarsa ƙirji, ƙin haske, ruɗewa ko barcin da ba a iya tayar da shi, jijjiga. Jariri shi ba lallai wuyansa ya sanƙare ba, sai dai ya ƙi nono, ya yi ta wani irin kuka mai ƙara, maɗigarsa ta kumbura ta yi tauri. In an ga haka ba zancen kemis ba ne, ba kuma na wanzami ba, na ga yaran da anka kawo da tsaga a ƙeya da goshi jini ya bushe a kai, an ƙara musu ciwo kan ciwo kuma an ɓata wuni guda. Addu'a kam a yi ta, a tofa masa ana cikin Keke Napep ana tafiya, ku kunka karantar da mu cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Maganin wagga allura ce, ceftriaxone, ana yin ta na kwanaki a asibiti kuma tana aiki ƙwarai in an zo da wuri. Asibitin da ya fi kusa a fara zuwa, in abin ya fi ƙarfinsu za su tura Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, UDUTH. In kuma an ga mutum biyu uku a gida guda ko makaranta guda, a sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, ko a kira 6232, layin NCDC ne kyauta.

Jarirai kuma akwai wasu ƙwayoyin daban da ke kawo musu sanƙarau, su ne alluran sati 6 da 10 da 14 ke karewa, Penta da PCV, don haka katin riga-kafin nan da ake jefawa ƙarƙashin katifa a ciro shi a duba ko an cika.

Akwai abu guda da ku kaɗai za ku iya, mu ba za a saurare mu ba. Sau da yawa ciwon da dare yake tashi, maigida yana kasuwar Illela ko ya tafi ci-rani Kudu, wayarsa ba ta shiga, uwa na zaune da yaro yana jijjiga a cinyarta tana jiran izini har gari ya waye. Ku faɗa wa magidanta a masallaci su bar izinin nan tun yanzu, kowa ya ce wa iyalinsa in yaro ya yi irin wanga ciwo a tafi asibiti ko ba na nan, in likita ya ce a ɗebi ruwan baya na yarda, kuma ya nuna maƙwabcin da za a buga wa ƙofa ya raka su. In kun amince, Juma'a mai zuwa zan zo bayan la'asar da irin allurar da kwalbar da ake amfani da su, sababbi cikin leda, kowa ya riƙa ya gani da idonsa, mai tambaya ya yi.

Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana.

Ɗanku,
ma'aikacin lafiya na unguwa, Sakkwato