A Duba Yaran da Ke Aiki da Injin Lanƙwasa Ƙarfe a Dilimi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana kan yaran da ke koyon aikin ƙarfe a nan Jos, musamman Dilimi, inda ake ƙera ƙofofi da tankunan ruwa da akwatuna.

Duk wanda ya daɗe a sana'ar nan ya san mai yatsu tara ko takwas. In ka tambaya sai a ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Mun yarda da ƙaddara, amma a duba yadda abin ke faruwa. Mutum biyu ne ke riƙe da farantin ƙarfe, fedar da ke sauko da bakin injin lanƙwasawa kuwa tana ƙarƙashin ƙafar mutum ɗaya. Yaro yana can gefe yana daidaita layin da aka zana, maigida ya ga nasa ɓangaren ya zauna, sai ya taka. Ƙarar janareto da ta guduma ba ta barin a ji "dakata". Fedar ma a buɗe take ba murfi, guntun ƙarfe in ya faɗo mata ya isa ya sauko da bakin injin.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne na wuta. A ɗauke ta ana tsakiyar aiki, a manta makunni a kunne, yaro ya zura hannu zai ciro abin da ya maƙale, sai a maido ta. Akwai makunnin da ba ya tashi da kansa sai an sake danna shi, kuma kuɗinsa bai kai na jinyar hannu ɗaya ba. Safar hannu ma, da wasu ke ganin ita ce kariya, a injin naɗe ƙarfe ita ke fara shiga ta ja hannun.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta a killace duk ɓangaren inji mai haɗari, dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 kuma ta ɗora wa hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF biyan wanda ya ji rauni a bakin aiki, in maigidansa yana zuba kashi 1 cikin 100 na albashi. To yaron da ba shi da albashi sai kuɗin abinci fa? Shi dai a ɗaure masa hannu, a ce Allah Ya kiyaye gaba, ya koma gida.

Hedikwatar hukumar horar da ma'aikata ta ITF a nan Jos take tun shekaru aru-aru. Ina roƙonta ta haɗa kai da shugabannin ƙungiyarmu ta masu aikin ƙarfe, ta turo malamai har cikin shaguna, su yi bayani da Hausa a gaban injin. Mu kuma iyayen gida, kada a bar sabon yaro kusa da feda sai ya ƙware, kuma mai taka ta ya jira ya ga hannun kowa tukuna.

Naku,
Wani mai aikin walda,
Dilimi, Jos.