Tseren mota a titi da tuƙin nishaɗi: ba maleji kaɗai ke raba su ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in tsoma baki a muhawarar da ke tashi duk lokacin da wata motar gudu ta yi ɓarna a titi. Jama'a sukan yi wa masu irin waɗannan motoci kuɗin goro, a ce dukansu 'yan ganganci ne. Su kuma sai su ce ai ba tsere suke yi ba, jin daɗin motarsu kawai suke yi. Gaskiya ne akwai bambanci tsakanin tsere a titi da tuƙin nishaɗi na mai hankali. Sai dai da yawa daga masu cewa nishaɗi suke yi, tseren suke yi, abokin karawa ne kawai babu a gefensu.

Ma'aunin da ya kamata a riƙe shi ne wanda ake koya wa direbobin 'yan sandan Birtaniya: kada ka yi gudun da ba za ka iya tsayawa ba, a hannunka, cikin tazarar da idonka ke gani babu komai a kai. Wanda ya kiyaye wannan, ya kuma tsaya cikin iyakar gudun da doka ta sa, yana iya more motarsa yadda yake so. Wanda ya karya shi ya shiga caca da ran wasu, ko shi kaɗai ne a hanyar.

Bari mu sa lissafi a kai, don a nan ne masu motoci masu ƙarfi suka fi yaudarar kansu. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowane sakan. Kafin direba ya ga abu, ya gane shi, ƙafarsa ta bar totur ta hau birki, sakan ɗaya zuwa ɗaya da rabi ya wuce. Motar gudu mai lafiyayyun tayoyi a busasshiyar kwalta tana buƙatar kamar mita 35 bayan haka ta tsaya cak. To idan aka ninka gudun ya zama 200, tazarar birki ba ninki biyu take yi ba, ninki huɗu take yi, wato kusan mita 140, ga kuma mita 56 zuwa 84 da suka tafi kafin a taɓa birkin ma. An tasam ma mita 200 ke nan, ko fiye. Fitilar gaba kuwa idan tana kan dim ba ta cika haska fiye da mita 50 zuwa 70 ba, kuma galibin tseren titi da dare ake yin sa.

Ga wani misali da ya fi tayar da hankali. Motoci biyu iri ɗaya, ɗaya tana 100 ɗaya tana 140, suka taka birki a wuri guda. A daidai inda ta farko ta tsaya, ta biyu tana nan tana gudun kusan kilomita 98 a awa. Mai 140 yana ganin ɗan ƙari ya yi, alhali shi zai daki abin da ɗan'uwansa ya tsaya a gabansa da gudun babbar hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudu yana ƙara haɗarin mutuwa da kashi 4 cikin 100, kuma a duk shekara mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a hanyoyin duniya.

Abin da tsere ke lalatawa shi ne ikon direba a kan ƙafarsa ta dama. Mai tuƙin nishaɗi, hanya ce ke gaya masa gudun da zai yi: ya ga mahaɗa ya rage, ya ga gida a bakin titi ya rage, ya ga ruwa ya kwanta ya rage, kuma bai yi asarar komai ba. Mai tsere, motar da ke gefensa ce ke yanke masa hukunci. Ɗaga ƙafa a wurinsa shan kaye ne, don haka ko ya hango danja ta nuna ja sai ya jira ɗan'uwansa ya fara sarewa, shi ma wancan jiran da yake yi ke nan. Rabin hankalinsa yana kan madubi da bambar abokin karawa. Idanu kuma idan gudu ya yi yawa sukan kafe a tsakiyar hanya, abin da ke gefe ya daina shiga.

Sannan akwai mutumin da ba a shawarce shi ba. Mai son tsallaka titi ko mai fitowa daga kwana yana auna tazara ne da gudun da ya saba gani a wurin. Idan ya hango fitila a nisan mita 150 a titin da ake gudun 50, ya san yana da kusan sakan 11. Idan motar 150 take yi, sakan uku da rabi ne da ɗan ɗoriya. Lissafinsa daidai ne, direban ne ya ɓata shi. Shi ya sa ba na sauraron mai cewa shi gwani ne, don gwanintarsa ba ta shiga kan mai tsallakawa.

Abin da ya faru a Berlin cikin Fabrairun 2016 ke nan. Matasa biyu suka yi tsere da dare a titin Kurfürstendamm, suna keta jan danja da gudun da ya kai kilomita 160 a awa, ɗayansu ya daki motar wani dattijo mai shekara 69 wanda koriyar danja ta ba shi hannu, ya mutu nan take. A 2017 kotu ta same su da laifin kisan kai, ba kisan kuskure ba, kuma bayan ɗaukaka ƙara babbar kotun tarayya ta tabbatar da wannan hukunci a 2020 a kan wanda motarsa ta yi karon. A Oktoban 2017 Jamus ta sa sashe na 315d a kundin laifukanta: shiga tseren titi kaɗai yana iya jawo ɗaurin shekara biyu, idan an rasa rai har shekara goma, kuma ana iya ƙwace motar. Abin lura, sashen ya haɗa da direban da ke shi kaɗai yana neman ƙure maleji da ganganci. Wannan fa ƙasa ce da wasu sassan manyan hanyoyinta ba su da iyakar gudu, sai shawarar kilomita 130.

Masu sana'ar tseren kansu tuni suka bar titi, kuma gawarwaki ne suka kore su. An dakatar da tseren Paris zuwa Madrid na 1903 a Bordeaux saboda mace-mace, cikinsu har da direba Marcel Renault, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin motoci na Renault. Tseren Mille Miglia na Italiya ya ƙare a 1957 bayan tayar Ferrarin Alfonso de Portago ta fashe, shi da abokin tafiyarsa da 'yan kallo tara suka mutu. A Amurka Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA a 1951 don a kwashe matasa daga tituna a kai su filin da aka killace, mai tsawon mita 402.

Yanzu ga abin da mai son nishaɗi na gaskiya yake kula da shi, kuma taya ce farko. Duk ƙarfin dokin da ke cikin inji, wurin da kowace taya ke taɓa ƙasa bai wuce faɗin tafin hannu ba, kuma riƙon da ke wurin raba shi ake yi tsakanin birki da juya sitiyari da totur. Idan birki ya cinye shi duka, babu saura na shan kwana. Don haka ake gama rage gudu motar tana miƙe, a shiga kwana a hankali, a fara ba da wuta sai an ga mafita. Kwanar da ke da tazarar mita 100 daga tsakiyar da'irarta zuwa titi, wadda mota za ta iya sha da gudun kusan kilomita 105 a awa a bushe, idan ruwa ya sauka iyakarta ta dawo kamar 80, idan yashi ya kwanta a kai ta faɗo kusan 60. A filin tsere ana share hanya, akwai mai ɗaga tuta ya gargaɗe ka. A titi sai ka shiga za ka sani.

A duba gefen taya, akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT. Idan an ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019. Roba tana bushewa ko ba a hau ta ba, kuma motocin gudu sun fi faɗawa wannan tarko don a ajiye suke yini, zanen tayar yana nan kamar sabo. Kamfanonin mota da yawa suna ba da shawarar canji bayan shekara shida, kuma kada ta wuce goma ko ta halin ƙaƙa. Haɗarin da ya kashe ɗan wasan fim Paul Walker da Roger Rodas, wanda shi ke tuƙi, a Kalifoniya cikin Nuwamban 2013, masu bincike ba su ga alamar tsere da wata mota ba. Sun ce Porsche Carrera GT ɗin tana gudun kilomita 130 zuwa 150 a titin da iyakarsa 72, a kan tayoyin da suka kai shekara tara. Harafin da ke bin lambar girman taya kuma shi ke faɗin iyakar gudunta a kilomita cikin awa: H 210, V 240, W 270, Y 300. Iska ana auna ta ne taya tana sanyi, bisa adadin da ke manne a jikin ƙofar direba.

Kuskuren da ya fi jefa masu motocin da tayoyin baya ke ja shi ne tsorata a tsakiyar kwana su ɗage ƙafa daga totur gaba ɗaya. Nauyin mota sai ya koma gaba, baya ya yi sakayau ya sulɓe, motar ta juya. Waɗanda injinsu ke tsakiya ko baya, irin tsofaffin Porsche 911, sun fi saurin yin haka. Na'urar ESC, wadda Bosch da Mercedes suka fito da ita a 1995, aikinta ke nan: tana kama birkin taya ɗaya ta dawo da motar kan hanya kafin direba ya ankara. Kashe ta a titin jama'a don a ji baya yana wutsil-wutsil, wannan ba nishaɗi ba ne, wauta ce.

Birki yana gajiya iri biyu, kuma ƙafa tana bambance su. Idan feda tana da tauri amma mota ba ta rage gudu, fatun da ke matse faifan birkin ne suka yi zafi fiye da kima. Idan feda ta yi laushi tana nutsewa ƙasa, man birki ne ya tafasa, tururi ya shiga bututu, shi kuwa tururi matsuwa yake yi. Man birki yana tsotsar danshi daga iska. Nau'insa mai lambar DOT 4 sabo yana tafasa a digiri 230 na Salshiyas, wanda ya sha ruwa kuwa a 155. DOT 5.1 yana kai 260 sabo. Ana canza shi duk shekara biyu, kuma kada a gauraya DOT 5 da sauran, don shi da silikon aka yi shi. Inji ma a bar baƙin mai ya kai digiri 80 zuwa 90 kafin a matsa masa.

A kan hanya kuwa, daɗin motar gudu ba a miƙaƙƙen titi yake ba, kowa ya iya danna totur. Yana cikin canjin giya a kan kari, da birki mai laushi, da shan kwana ba tare da keta layin tsakiya ba. A zaɓi hanyar da babu gidaje da mahaɗa, da rana, a bushe. A kwanar da ba a ganin ƙarshenta, a sa ido a wurin da gefen hanya na dama da na hagu suke haɗuwa a gani: idan wurin yana matsowa, kwanar ƙara tsukewa take yi, a rage, idan yana gudu gaba, hanya ta buɗe. A bar rara kullum, kada a yi amfani da fiye da kashi bakwai cikin goma na abin da mota da direba za su iya. Idan tafiyar ayari ce, a yarda tun farko babu shan gaban juna, a bar tazarar sakan uku, na gaba ya jira a mahaɗa don kada na baya ya yi gudun cim masa. Kuma a kashe kyamara, don da yawa saboda bidiyo suke ƙara wuta. Wanda ya tsaya gefenka a danja yana zuga inji, ka bar shi ya tafi.

Mai son ya ga ƙarshen motarsa, filin tsere ne wurinsa: kowa hanya ɗaya ya nufa, babu mai tsallakawa, akwai tsakuwa da shinge a bakin kwana, ga motar asibiti a tsaye. Ba a fafe gora ranar tafiya: sabon man birki, fatun birki da suka fi rabi, notin taya a ɗaure da ma'auni yadda littafin motar ya ce, a kwashe duk tarkacen cikin mota, a sa hular kwano. Zagayen farko na ɗumama taya ne, a yi minti 15 zuwa 20 a huta, zagayen ƙarshe a yi shi a hankali don birki ya huce, kuma idan an tsaya kada a ja birkin hannu a kan faifai mai zafi. Tuta rawaya haɗari ne a gaba, ja a dakata, shuɗiya wani na son wucewa. A sani inshorar mota ta yau da kullum galibi ba ta biyan ɓarnar da aka yi a fili. Ko a filin tseren Nürburgring na Jamus, mai tsawon kilomita 20.8, ranakun da ake buɗe wa jama'a dokar titi ce ke aiki, an hana tsere, kuma ta hagu kaɗai ake wucewa.

Roƙo biyu nake da su ga hukumomi, kuma tare suke tafiya: hukunci mai tsanani har da ƙwace mota ga mai tsere a titi, da kuma ba da izinin filin da aka killace, ko da tsohon filin jirgi ne, inda ƙungiyoyin masu motoci za su riƙa shirya ranakun gwaji da malamai. Ku kuma 'yan jarida, idan za ku ba da labarin irin wannan haɗari, kada ku tsaya a kan sunan motar da “gudun wuce sa'a”. Ku tambayi jami'ai nawa ne iyakar gudu a wurin, nawa motar take yi, akwai wata mota a gefenta, kuma shekarun tayoyinta nawa.

Wassalam,
Wani mai karanta jaridarku.