Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Ƙwadago: a ɗaure albashi da farashin kasuwa

Mai girma Minista, ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa, ga lissafin da ya sa muka rubuto. A 2011 mafi ƙarancin albashi naira 18,000 ne, kusan dala 115 a canjin lokacin. A 2019 ya koma 30,000. A watan Yulin 2024 aka sa hannu kan 70,000, amma dala ta haura naira 1,500, wato abin bai kai dala 50 ba. A takarda an ninka albashi kusan sau huɗu, a lissafin dala kuwa ya zaftare fiye da rabi. A shekarar da aka yi ƙarin, albashin wata guda bai sayen buhun shinkafa mai kilo 50, kuma kafin ya shigo hannu an cire kashi 8 na fansho.

Inda gizo ke saƙa shi ne tsarin. Ana yanke adadi, ya zauna daram, farashi kuma yana gudu kullum. Da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar shekarar, albashi kuma yana jiran kwamiti. An rage wa'adin sake duba shi daga shekara biyar zuwa uku, madalla. Amma ko da hauhawar ta tsaya a kashi 20 duk shekara, kafin ukun su cika 70,000 za ta sayi abin da 40,500 ke saya yau.

Shawararmu: a gyara dokar mafi ƙarancin albashi, kowace Janairu albashi ya motsa da kansa bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, a fi ba abinci, sufuri da haya nauyi, don can kuɗin ƙaramin ma'aikaci ke tafiya. Zaman gwamnati, ƙungiyoyin ƙwadago da masu kamfanoni sai ya koma na duba tsarin, ba cinikin adadi da barazanar yajin aiki ba.

A kuma rubuta ƙarin da za a yi wa ma'aikatan da ke matakan sama a cikin dokar. A 2019 na ƙasa ya sami kusan kashi 67, mai mataki na 7 ya sami 23.2, masu mataki na 15 zuwa 17 kashi 14, shi ma sai bayan wata shida ana ja-in-ja. Haka malamin da ya shekara goma sha biyar yana koyarwa yake wayar gari tazararsa da sabon ɗauka ba ta taka kara ta karya ba.

Sannan dokar ta tsame duk wurin da ma'aikata ba su kai 25 ba. Malaman ƙananan makarantun kuɗi, masu sayar da mai a gidajen mai da masu gadi, galibinsu ba ta san da su ba. Muna roƙon a sauke wannan adadi kafin zaman sake duba albashi na 2027.

Wassalam.
Wasu masu nazarin albashi da harkar ƙwadago