Hanyoyin Neman Haƙƙi Ga Ɗaliban Jami'a

Ya Edita,

Ina roƙon fili domin jan hankalin ɗalibanmu waɗanda jami'a ta ƙi lissafa musu kwasa-kwasan da suka ci. Kada su garzaya kotu, domin alƙalai ba su cika tsoma baki ba sai an bi matakan cikin gida, wato rubuta koke ga shugaban sashe, sannan tsangaya, har zuwa Majalisar Dattawan jami'a, tare da adana kwafin da aka buga wa tambarin karɓa. Idan an ƙi sauraronsu, sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999, wanda ya ba kowa haƙƙin a saurare shi cikin adalci, yana bayansu. Amma su nemi lauya da wuri, domin wa'adin ƙalubalantar hukuncin hukumar gwamnati, kamar jami'ar gwamnati, watanni 3 ne kacal.

Wani mahaifi,
Sakkwato